Lambun Da Ba A Kai Kayansa Kasuwa

A ƙasarmu ta Ungogo, idan mutum ya ce maka yana da lambu, ba sai ka tambaye shi abin da ya shuka ba. Ka san salak ne da alayyafo da karas da kabeji da lansir, ka san yana bakin rafin Jakara ko gindin wata rijiya marar zurfi, ka kuma san da asuba za a ɗaure kayan a nufi kasuwar 'Yankaba da su. Lambu a wurinmu wurin aiki ne, wurin taɓo da ciwon baya, inda ake ƙirga fangali kamar yadda ɗan tireda ke ƙirga canji. Ba mu da wata kalma ta daban da muke kiran lambun da aka yi don ido kawai. Shi ya sa duk lokacin da na karanta a littattafanmu na hikaya cewa saurayi da budurwa sun haɗu a wani lambu mai furanni da ƙoramu, nakan yi murmushi, don na san yawancinmu a finafinan Indiya muka fara ganin irinsa. Abin da nake son in ba 'yan'uwa labari a nan shi ne ranar da wani tsohon manomi, wato Baffana, ya taka irin wannan lambu da ƙafarsa, da kuma abin da shigar tasa ta jawo wa gonarmu ta gado.

Kafin in kai ga tafiyar, ya kamata mai karatu ya san irin ƙasar da muka fito. Ungogo tana arewa da birnin Kano, ta yi masa baka tun daga Rijiyar Zaki da Bachirawa har zuwa Fanisau da Rangaza da Gayawa da Yadakunya. Ƙasa ce da ba ta san hutu ba. Tun zamanin kakanni ba a barin saura a cikinta, kowace damina sai an zuba mata gero da dawa da wake da gyaɗa. Abin da ya riƙe ta kuwa shi ne taki: jakuna su kai itace da kara birni da safe, su komo da mangala cike da takin birni da yamma. Ga kuma itatuwa a tsakiyar gonaki, ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo da kanya da rimi, kowace da mai ita, ba wanda ya isa ya sa mata gatari haka kawai. Baƙin da suka ratsa wannan ƙasa sun sha mamakinta. A Fanisau Baturen nan Clapperton ya je ya gai da Sarkin Kano Ibrahim Dabo a 1824. Heinrich Barth, wanda ya shigo Kano a 1851, ya kwatanta ƙasar da lambu ɗungurungum. A 1965 kuma Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson, na Jami'ar Ahmadu Bello, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi a gundumar Ungogo, don su gano yadda jama'a masu yawa haka suke ci daga ƙasa kaɗan ba tare da sun kashe ta ba. Mu da muka tashi a ciki ba mu taɓa kiranta lambu ba. Gona ce, shi ke nan.

Kakanmu ya bar gona mai faɗin eka uku da 'yan kai, ba a raba ta ba. Magadanta su ne Baffa, da Gwaggo, da mu 'ya'yan marigayi mahaifinmu, sai autansu wanda muke kira Baba Ƙarami, da ya daɗe yana sayar da kayan marmari a kasuwar Zuba, a bakin Abuja. Baffa ke nomanta, in an yi girbi ya auna wa kowa nasa. Haka ake tafiya har birni ya iso mu. Ƙidayar 2006 ta sami mutum sama da 360,000 a ƙaramar hukumar Ungogo, kuma wanda ke zaune a wurin ba ya bukatar takarda kafin ya san haka. Maƙwabtan gonarmu na gabas suka sayar, aka yi awon igiya, aka yanka fuloti-fuloti. Na kudu ma suka bi. Kafin damina biyu gonar ta zama tsibiri a tsakiyar bulo. Awakin unguwa su ci wake, yara su karya dawa tun tana ɗanya, masu yanke su fitar da hanya ta tsakiyar kunya, iska kuma ta kwaso leda ta liƙa a kowane kara. Dillalan fili suka mai da zauren Baffa kamar ofishinsu. Ana cikin haka sai Baba Ƙarami ya aiko cewa yana son a sayar a ba shi rabonsa, yana da bukata. Baffa ya ƙi ba da amsa. Aka yi shekara biyu gaisuwarsu ba ta wuce ta Sallah ba, ita ma ta bakin ɗan aike. Da muka ce ya kira shi a waya su daidaita, sai ya ce, "Maganar ƙasa ba a yin ta da mutumin da ba ka ganin idonsa." Ƙanen ya ƙi zuwa, shi kuwa wan ya ga in ya bari zumunci zai mutu a kan eka uku. Sai ya yanke shawarar shi zai je.

To, a nan matsala ta taso. Baffa bai taɓa kwana a gidan haya na baƙi ba, kuma ya ce ba zai fara da furfura ba. Ba ya cin abincin tasha. Kwana a ɗakin ƙanensa da matar ƙanen a ciki kuwa, wannan ko a mafarki. Abin da ya raba gardama shi ne motar Yayana.

Waɗanda suka yi wayo a shekarun 1970 da 1980 za su tuna da Turawan nan masu keta Sahara da mota. Sukan taso daga Aljeriya, su biyo ta Tamanrasat da Arlit da Agadas da Damagaram, su shigo ta Daura da Kazaure da Ɗambatta, su wuce ta gefenmu sun yi buɗu-buɗu da ƙura, su sauka a sansanin 'yan yawon buɗe ido da ke titin Bompai. Wasu a manyan motoci, wasu a ƙananan bas-bas da aka mai da cikinsu ɗaki. Wannan zirga-zirga ta yanke a farkon shekarun 1990, sakamakon tawayen da ya ɓarke a arewacin Nijar da kuma rikicin Aljeriya. Yayana bakanike ne, garejinsu ba nisa da sansanin. A 1989 wasu Jamusawa biyu suka turo masa wata Volkswagen, irin da ake kira Kombi, injinta ya buga, kuɗinsu kuma ya ƙare. Suka sayar masa da ita da arha suka hau jirgi. Ya yi wata takwas yana tattara kayan gyara har ya tashe ta. A cikinta akwai kujera da ake buɗewa ta zama gado, da kabad, da ɗan tankin ruwa da famfo, da wurin ɗora risho, rufinta kuma ana ɗaga shi sama ya ba da wani makwancin. 'Yan garinmu suka sa mata suna Tafi-da-gidanka. Da Baffa ya leƙa cikinta ya ga inda zai shimfiɗa buzunsa da inda zai ajiye butarsa, sai ya ce, "To, wannan ai ɗaki ne ya yi ƙafa. A cikinsa zan kwana."

Muka tashi a watan Janairun 2007, mako biyu bayan Babbar Sallah, mu uku: Yaya a kan sitiyari, Baffa a gefensa, ni a baya tare da garin dawa da kuka da daddawar da Gwaggo ta ƙulle mana. Daga Kano zuwa Abuja bai wuce kilomita 430 ba, tafiyar da direban haya ke yi a wuni guda har ya huta. Mu kwana biyu muka yi. Injin motar a baya yake, kuma ba ya shan ruwa, iska ce ke sanyaya shi, saboda haka in an yi tafiyar awa biyu sai a tsaya a bar shi ya huce. Baffa kuwa abin nema ya samu, don duk tsayawa sai ya sauka ya duba gonar mutane. A Kura ya tsaya bakin hanyar ruwan da ta taso daga madatsar Tiga yana girgiza kai, yana cewa su nan ruwa ne ke zuwa ya same su, mu kuwa da jigo muka tashi. Bayan mun wuce Zariya ya damƙi ƙasa ya murza ya ce ta fi tamu nauyi, ta masara ce. Muka kwana a Mararrabar Jos cikin manyan motoci, na tuƙa tuwo a kan risho, muka ci a gefen titi. A wancan lokaci hanyar ba ta zama abin tsoro ba kamar yadda ta zama daga baya. Washegari da la'asar muka hango Dutsen Zuma, kafin magariba muna Zuba.

Baba Ƙarami ya tarbe mu a bakin kasuwa, ya durƙusa ya gai da wansa, ya kai mu gida. Ɗaki ɗaya ne a cikin gida mai ɗakuna goma sha huɗu, shi da matarsa da 'ya'ya biyar. Tsakar gidan ba ta fi shimfiɗar tabarma uku ba, kuma igiyar shanya ta cinye samanta. Baffa ya amsa gaisuwar iyali daga bakin ƙofa, ya sa wa yara albarka, ya koma mota. Ba a ta da maganar da ta kawo mu ba, don babu inda za a zauna a yi ta. A gida kunnuwa sun yi yawa, a kasuwa kuma mutum ba ya jin maganar kansa. Da za mu rabu sai Baba Ƙarami ya ce, "Yaya, gobe Lahadi. Akwai wani wuri a cikin gari, ba a biyan ko kwabo. Can za mu fi samun sararin magana."

Wurin shi ne lambun da ake kira Millennium Park, a unguwar Maitama. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta Biyu ce ta buɗe shi ranar 4 ga Disamba, 2003, lokacin da Abuja ta karɓi taron shugabannin ƙasashe renon Ingila, zamanin Shugaba Obasanjo. Wani masanin zanen gine-gine ɗan Italiya, Manfredi Nicoletti, shi ya tsara shi. Faɗinsa hekta 32, wato kusan eka 80. Wani rafi ya ratsa shi ya raba shi biyu. Ɓangare ɗaya an bar shi kusan yadda Allah ya halicce shi, da itatuwan daji da sarƙaƙiya. Ɗaya ɓangaren kuwa an tsara shi irin tsarin lambunan Italiya: doguwar hanya miƙaƙƙiya da aka shimfiɗe da farin dutse, maɓuɓɓugan ruwa suna bin gefenta a jere, ga ciyawa kore shar an aske ta daidai wa daida, ga furanni rukuni-rukuni. Ka tuna fa watan Janairu ne. Mun baro gida komai ya bushe, hazo ya rufe sama, leɓen kowa ya tsage. Sai ga mu a tsakiyar kore kamar watan Agusta.

Baffa ya tsaya a bakin hanyar nan ya daɗe bai ce uffan ba. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima, na ga yana auna wurin da ido kamar yadda yake auna gona kafin ya ɗauki 'yan ƙwadago. Can sai ya juyo ya ce mini, "Kai ɗan boko, gonarmu nawa za ta shiga nan?" Na yi lissafi na ce ashirin da biyar da ɗoriya. Ya ce, "Duk ba a shuka komai ba?" Na ce an shuka, ga furanni, ga ciyawa. Ya dube ni irin duban da yake yi wa yaron da ya kawo masa harawa a madadin wake.

Muka ci gaba da tafiya sai muka tarar da wani ma'aikaci yana jan tiyo yana ba ciyawa ruwa. Da ya ji muna Hausa ya yi mana sallama, ashe mutumin wajen Ɗambatta ne, ɗan ci-rani da ya zauna. Nan take Baffa ya sami abokin hira. Ya tambaye shi sau nawa suke ban ruwa, da wane irin taki suke sawa, da yadda suke yi da gara. Mutumin ya amsa masa dalla-dalla. Sannan Baffa ya kawo tambayar da ke cin ransa: "In kun yanke ciyawar, wa ake ba?" Mutumin ya ce tarawa ake yi a kwashe. Baffa ya riƙe haɓa. "A ba ta ruwa da rani, ta tashi, a yanke, a zubar, a sake ba ta ruwa. Ga tumakina can suna cin kara." Ma'aikacin ya yi dariya ya ce, "Baba, ni ma da na zo haka na ce. Amma ka dakata rana ta yi sanyi ka ga masu cin amfanin gonar."

Muka bi farar hanyar nan har ƙarshenta, inda wani ƙaton rimi yake tsaye. Mai tsara lambun bai sare shi ba, sai ma ya ja hanyar ta yadda in ka tsaya za ka ga ta haɗa rimin da Dutsen Aso da ke can nesa. Rimin ya girmi birnin nesa ba kusa ba. A 1976, zamanin Janar Murtala, aka yanke shawarar gina Abuja, gwamnati kuma ta tare a cikinta a Disamban 1991, alhali shi yana nan tun wurin yana ƙasar noman Gbagyi. Baffa ya kewaya shi, ya dafa saiwoyinsa masu kama da katanga, ya ce, "Wannan ba su suka dasa shi ba. Tarar da shi suka yi, suka ji kunyarsa." A nan muka shimfiɗa tabarma.

Da la'asar ta yi sai wurin ya fara cika. Na zaci masu manyan motoci za mu gani, su ma akwai su, amma mafi yawa irinmu ne: leburori da wankakkun riguna, masu gadi da suka tashi aiki, mata da goyo da kular abinci, 'yan makaranta da littattafai, ango da amarya ana ɗaukarsu hoto. Yara suka ɓarke da gudu a kan ciyawar, suna faɗuwa suna tashi ba mai ƙujewa. Wani dattijo ya cire takalmi ya miƙe ƙafa ya yi barcinsa. Baffa yana kallo yana jan carbi. Sai ya tambayi ƙanensa yadda aka yi ya san wurin. Baba Ƙarami ya sunkuyar da kai ya ce yakan zo duk bayan mako biyu ko uku, mota biyu yake shiga daga Zuba, wani lokaci da yara, wani lokaci shi kaɗai. Baffa ya ce, "Ka zo ka yi me?" Ya ce, "In zauna, Yaya. Ka ga gidan da muke. Tun da na zo garin nan ban sami inuwar da zan zauna ba wanda zai ce in tashi ko in sayi wani abu ba, sai nan. In na zauna gindin rimin nan sai in riƙa tuna ɗorawar Inna."

Ɗorawar Inna itatuwa biyu ne a kusurwar gonarmu ta arewa, kusa da wata tsamiya da tsohuwar rijiya. Kakarmu ce ta riƙe su, ita ke tara kalwa ta yi daddawa, ta ba yara garin su sha, ɓawon kuma a jiƙa a yi makubar daɓe. A gindinsu ake ajiye abincin 'yan noma, a nan ake kwantar da jarirai in iyaye mata suna roron gyaɗa. Su ukun nan, Baffa da mahaifinmu da Baba Ƙarami, duk a wannan inuwa suka yi rarrafe.

Baffa bai yi masa gori ba, ko da yake ƙofar gori a buɗe take: ga mai son a sayar da inuwar gidansu yana biyan kuɗin mota biyu don ya zauna a ta wasu. Abin da ya ce shi ne, "Faɗa mini bukatar." Baba Ƙarami ya ce an ba su wa'adin tashi daga gidan haya, ya sami fili a wani ƙauye bayan Zuba, yana son ya kafa ko ɗaki biyu ne, ga 'yarsa ta fari ta isa aure. Ya ce ba ƙin gida yake yi ba, amma buhu biyun da ake aiko masa duk shekara ba za su rufa masa asiri ba. Baffa ya yi shiru har aka fara kiran magariba daga nesa. Sannan ya ce shi ma ya san gonar ta riga ta tafi, bara abin da ya girba bai mai da kuɗin taki ba, abin da ya hana shi amsawa shi ne ba ya son a ce a hannunsa aka sare itatuwan Inna aka yi bulo a wurin. Ya ce, "Ga abin da na gani. A sayar, kowa ya ɗauki rabonsa. Amma kusurwar arewa, daga rijiya zuwa tsamiya, a cire ta daga ciniki. Ba tawa ba, ba taka ba. A bar wa mutanen da za su zauna a gidajen nan, don na ga alamar su ma ba za su sami inda za su miƙe ƙafa ba." Wurin ya kai fuloti biyu, kuma fuloti biyu kuɗi ne mai yawa ga mutumin da aka ba wa'adin tashi. Baba Ƙarami ya daɗe yana wasa da wani tsinke a ƙasa, sannan ya ce, "Na yarda, Yaya. Amma sai Yaya mace ta yarda, da yaran nan." Ni da Yayana muka ce mun yarda a madadin ɗakinmu, in sauran ƙannenmu sun amince.

Daren nan a gaban wani gidan mai da ke Zuba muka kwana. Baba Ƙarami ya ƙi tafiya gida, ya zauna a ƙofar mota suna hira da wansa har dare ya raba, suna lissafin waɗanda suka mutu da waɗanda suka yi saura. Tuwon da na tuƙa na mutum uku, mu huɗu muka ci shi a kwano ɗaya.

Da muka komo gida Gwaggo ce ta fi kowa saurin amincewa, sai dai ta kafa sharaɗi: kalwar itatuwan tata ce muddin tana da rai. Aka tara mai unguwa da liman da shaidu, aka rubuta cewa wannan kusurwa waƙafi ce, ba a sayarwa, ba a gada, ba a gini a cikinta. Dillalin da ya sayi sauran ya yi ta ƙorafi cewa mun ɓata masa layi, har ya ƙara kuɗi a kan fulotan biyu, Baffa ya ce masa an riga an shafa fatiha.

Tun daga lokacin nake lura da yadda garuruwanmu ke girma. Mutanen da ba su jahilci wannan abu ba. A cikin Gidan Rumfa, fadar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15, an bar sheka mai itatuwa a cikin ganuwar gida. Gwamna Audu Baƙo, wanda ya riƙe Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ya keɓe makeken fili ya yi gidan namun daji da itatuwa, wanda har yau in Sallah ta zo yara ke tururuwa zuwa cikinsa. A ƙauye kuwa kowane gari yana da dandali da durumi ko ceɗiya a ƙofar mai gari. Awon igiya ne bai san wannan ba. Mai igiya yana auna ɗaki da shago da lungun da amalanke za ta wuce da ƙyar, ba ya auna inda tsoho zai zauna ko inda yaro zai yi gudu, domin wannan ba shi da mai saye. Ka shiga sababbin unguwannin da suka taso a kan gonakin Ungogo da rana tsaka a watan Afrilu, ka nemi inuwar da ba ta katanga ba, ka ga tafiyar da za ka yi.

Mu marubuta ma da namu a ciki. Muna aron lambun Indiya mu sa masoyanmu a ciki, alhali ba mu cika rubuta yadda ɗorawa ke fitar da jan furenta mai kama da tuntu a ƙarshen hunturu ba, ko yadda gawo ke zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya kuma tofo da rani lokacin da dabbobi suka fi bukatarsa. Yaran da ake haifa a unguwannin nan yau ba za su ga waɗannan abubuwa da idonsu ba. In ba mu rubuta ba, ba su da inda za su same su.

Baffa ya rasu a 2014, Gwaggo ta bi shi bayan shekara uku. Ɗaya daga cikin ɗorawan ta bushe, don ruwan kwatar maƙwabta ya yi ta kwanciya a gindinta, muka sare ta muka dasa darbejiya biyu a gurbinta. Ɗayar tana nan, tsamiyar ma tana nan, rijiyar kuwa mun rufe ta da murfin ƙarfe saboda yara. Ba furanni a wurin, ba ciyawar da ake askewa, ƙasa ce da inuwa da wasu kututture biyu da aka mai da kujeru. Da safe makarantar allo ke zama, da azahar mata masu dawowa daga niƙa su sauke kaya su huta, da yamma dattawa su shimfiɗa tabarma. A nan ake ɗaurin auren unguwa, a nan ake zaman makoki. Sau uku ana zuwa mana da shawarar a jera shaguna a bakin wurin, wai kuɗin haya ya riƙa kula da shi, sau uku muna fito da takardar nan muna karantawa. Baba Ƙarami ya bar Zuba ya dawo gida da tsufa ya kama shi, yanzu shi ne mai share wurin duk safiya, shi ke korar masu zubar da shara. Bara da kalwa ta nuna ya aiko mini da ƙulli guda na daddawa, ya ce jikar Gwaggo ce ta yi.